Sulhu a Kan Riƙon 'Ya'ya Bayan Mutuwar Aure a Ƙasar Kano: Jiya da Yau

Gabatarwa

Mutuwar aure ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni ana aure ana saki, mace ta yi idda, ta yi zawarci, ta sake wani auren. Abin da ya fi sakin wuyar warwarewa shi ne tambayar da takan biyo baya, wato a hannun wa yara za su zauna. A wannan maƙala zan bi tarihin yadda Kanawa suka riƙa amsa wannan tambaya ta hanyar sulhu, tun daga zauren gida har zuwa ofisoshin hukuma. Na dogara ne da abin da na karanta, da wanda na ji daga bakin dattawa, da kuma wanda na gani a shekarun da na yi ina aikin ƙaramar hukuma.

Al'ada da Fiƙihu

A al'adar Bahaushe ɗa na uba ne. Idan aure ya mutu, mace takan tafi da na goye kawai, da zarar an yaye shi, wajen shekara 2, sai dangin uba su aiko a karɓe shi. Daga nan yaro ya faɗa hannun matar uba, ko goggo, ko kaka. Wanda kuwa ya bi uwarsa gidan sabon miji sunansa agola, kuma kowa ya san ba sunan yabo ba ne. Riƙo kansa tsohuwar al'ada ce, domin ko aure na nan da ransa akan bayar da ɗan fari saboda kunya. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna yadda wannan al'ada ta yi ƙarfi a ƙasar Zazzau, haka nan take a Kano.

Fiƙihun Malikiyya kuwa, wanda alƙalanmu suke hukunci da shi, ya bi wata hanya dabam. Littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Shaihu Halil da Tuhfa ta Ibn Asim sun ba uwa haƙƙin hadana, wato reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba ne kuma ta tare, haƙƙin yakan koma ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta, kafin a zo kan dangin uba. Uba kuma ci da sha da sutura suna wuyansa, shi ne kuma waliyyi. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo labarin Sayyidina Umar da ya ɗauki ɗansa Asim bayan ya rabu da uwarsa, kakar yaron ta wajen uwa ta yi jayayya da shi, Halifa Abubakar ya ce a bar mata yaron, Umar bai musa ba.

Ke nan al'ada tana cewa uba, littafi yana cewa uwa. Sulhu shi ne gadar da ta haɗa waɗannan gaɓoɓi biyu.

Matakan Sulhu a Da

Rigimar yara takan fara ne a hannun waɗanda suka ƙulla auren. Waliyyan ɓangarorin biyu, baffa daga nan kawu daga can, su zauna a zaure bayan sallar la'asar ko isha'i. Idan abin ya gagare su sai a kai wa liman da mai unguwa, daga nan dagaci, sannan hakimi. Alƙali shi ne matakin ƙarshe, kuma kai suruki gaban alƙali abin kunya ne wanda akan daɗe ana gorantawa.

Dattawan da na zanta da su sun nuna mini cewa gwanin sulhu ba ya fara da tambayar wane ne mai laifi. Yakan ce wa uban yara, "Malam, matar ka saka, amma ba ka saki uwar 'ya'yanka ba." Ya juya ga waliyyin mace ya ce, "Alhaji, jikokin nan naka ranar aurensu ƙofar ubansu za a je nema." Daga nan sai a raba maganar gida 3: wa zai riƙe, wa zai ciyar, yaya za a yi ziyara. Sau da yawa akan daidaita a kan kaka, domin ita ce kowa yake jin nauyinta. A yanka wa uba hatsin da zai kai bayan kaka, da kayan salla, a kuma ajiye cewa yara za su riƙa zuwa yini ran Juma'a.

Ƙarfin wannan tsari shi ne masu sulhun a unguwar suke kwana suke tashi. Idan uba ya yi wata 2 bai kai hatsi ba, liman zai tare shi a ƙofar masallaci. Rauninsa kuwa shi ne ita uwar ba ta shiga zaure, wani ne yake magana da bakinta, kuma mata da yawa sun rasa 'ya'yansu ba tare da sun san littafi ya ba su haƙƙi ba.

Daga Zaure Zuwa Ofis

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun bar shari'ar aure da saki da riƙo a hannun alƙalai ƙarƙashin En'e, aka kuma shigo da rajistar ƙararraki. A 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa. Babban sauyi ya zo da dokar Kotunan Yanki ta 1967, wadda ta raba kotuna da En'e ta mayar da su hannun gwamnatin jiha, ta kuma rushe kotunan sarakuna. Tun daga lokacin, maganar hakimi da dagaci ta zama ta girmamawa kawai, ba ta da ƙarfin hukunci.

A lokaci guda birni ya yi ta faɗaɗa, aka sami unguwannin da maƙwabci bai san asalin maƙwabcinsa ba. A shekarun 1980 da 1990 na ga yadda ofishin jin daɗin jama'a ya zama sabon zaure, inda ake kiran uba a yanka masa kuɗin abinci na wata-wata, a rubuta a takarda. A shekara ta 2000 kotunan Shari'a suka maye gurbin kotunan yanki a Kano. A 2003 aka yi dokar Hukumar Hisba, wadda sasanta iyali ya zama cikin manyan ayyukanta, kuma tana da mata ma'aikata da uwa za ta iya faɗa wa damuwarta kai tsaye. A 2009 aka buɗe Kotun Sulhu mai ƙofofi da yawa a ƙarƙashin sashen shari'a na jiha, sannan a 2023 aka sa hannu a kan dokar kare yara ta Jihar Kano.

Riba a nan a fili take: uwa ta sami baki, yarjejeniya kuma ta sami takarda. Asarar ita ce bibiya. Jami'in da ya rubuta takardar ba zai haɗu da uban a masallaci ba, watakila ma an yi masa canjin wurin aiki kafin wata ya ƙare.

Kammalawa

A ganina, darasin wannan tarihi shi ne a haɗa takardar ofis da idon unguwa. Duk yarjejeniyar da aka rubuta, a sa mai unguwa da wani dattijo daga kowane ɓangare su zama shaidu, a ji ta bakin uwa da kanta, a kuma fayyace riƙo da ciyarwa da ziyara ɗaya bayan ɗaya. Malaman makaranta suna da rawar takawa, domin su ne sukan fara ganin alama: yaron da ya daina zuwa a tsakiyar zango, ko yarinyar da aka ɗora wa talla bayan an mayar da ita wani gida. Sanar da shugaban makaranta da mai unguwa da wuri yakan ceci karatun yaro. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, to sulhu ma haka yake, sai ana taka ƙafa ana dubawa. Allah ya shirya mana zuriya, amin.