Kalmar «implication»: asalinta, ma'anoninta da matsalar fassara ta zuwa Hausa

1. Asali

Kalmar «implication», wadda Faransanci da Ingilishi suka yi tarayya a kanta, ta samo tushe ne daga fi'ilin Latin «implicare». Fi'ilin ya haɗa gaɓa biyu: «in», wato ciki, da «plicare», wato ninke. Ma'anarsa ta farko ke nan: a naɗe wani abu cikin wani, har ya sarƙe. Daga wannan saiwa ce aka samu «expliquer», warware ninki, da «compliquer», cukurkuɗa ninki.

Fi'ilin ya shiga Faransanci ta ƙofa biyu. A bakin talakawa, furucinsa ya yi ta sassaƙewa har ya zama «employer», sa mutum aiki. Su kuwa malamai, wajen ƙarni na 14, sun ɗebo shi kai tsaye daga littattafai da surar «impliquer». Daga wannan sura ta malamai ce «implication» ta fito.

2. Ma'anoni huɗu

Ta farko ta shari'a ce: kasancewar mutum da hannu cikin wani laifi. Wanda aka ce «impliqué» ya naɗe cikin magana, sai alƙali ya warware shi.

Ta biyu ta ilimin manɗiƙi ce, kuma tambayar da ke ƙarƙashinta ta girmi kalmar. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, Filon, masanin Girka, ya nuna cewa jimla mai sharaɗi, kamar «in ruwa ya sauka, ƙasa za ta jiƙa», ba ta zama ƙarya sai a hali guda: ruwa ya sauka amma ƙasa ba ta jiƙa ba. Frege a 1879 da Russell a 1903 sun gina lissafin manɗiƙi na zamani bisa wannan fahimta. A 1918 C. I. Lewis ya kawo wata ma'ana mai tsauri, inda sharaɗi ke tilasta jawabinsa.

Ta uku ita ce abin da magana ta ƙunsa ba tare da an furta shi ba. Ducrot ya yi nazarinsa a Faransa a 1972. Grice kuwa, cikin laccocinsa na Harvard a 1967, ya ƙirƙiro kalmar «implicature» don bambanta abin da mai magana ya nufa da abin da lafazinsa ya wajabta. Kusa da wannan akwai jam'in kalmar, mai nufin abubuwan da wani mataki zai haifar.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran ƙuruciya, ita ce duƙufa ga aiki da son rai. Ita ce ta cika takardun ma'aikatu da na ayyukan raya karkara.

3. Fassara

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973, mai shirya littafin karatu yake fuskantar buƙatar kalmomin fannu. Nan ne haɗarin yake, domin ma'ana ta farko da ta huɗu suna amfani da gaɓa ɗaya ta jiki a Hausa. «Sa hannu cikin aiki» yabo ne. «Yana da hannu a ciki» tuhuma ce. In aka fassara «implication des parents» da «hannun iyaye cikin lamarin», takardar da aka rubuta don gayyatar iyaye ta koma ta zarginsu.

Game da ma'ana ta biyu, Hausa ba ta rasa gado ba. Littafin Sullam na al-Akhdari, wanda aka tsara a ƙarni na 16 kuma ake karantawa a zaurukan malamai, ya kasa nunin lafazi kashi uku: muɗabaƙa, lafazi ya nuna dukan ma'anarsa, talammuni, ya nuna wani yankinta, iltizami, ya nuna abin da ba ya rabuwa da ita. Daga wannan saiwa ta Larabci Hausa ta ari fi'ilin «lazimta». Ana iya cewa saukar ruwa ta lazimci jiƙar ƙasa, almajiri kuma ya gane.

Ma'ana ta uku kuwa, fi'ilin «ƙunsa» ya dace da ita, har ma ya yi daidai da hoton ninki na Latin. Amma kada a ruɗa shi da habaici ko gugar zana, waɗanda suke ɗauke da niyyar suka. Ƙunshiyar magana ba dole ta soki kowa ba.

4. Kammalawa

Tarihin kalmar ya nuna cewa haɗuwar ma'anoni huɗu cikin lafazi guda al'amari ne da ya faru ga harsunan Turai, ba wajibi ba ne ga Hausa. Abin da ya dace da ƙamus na fannu shi ne shigarwa huɗu: hannu cikin laifi ga shari'a, lazimta ga manɗiƙi da lissafi, ƙunshiya ga nazarin ma'ana, sa hannu ko duƙufa ga ayyukan jama'a. Kowace kuma a biyo ta da jimlar misali, a gwada ta gaban ɗaliban yaƙi da jahilci kafin a kai ta maɗaba'a.