Tarihin "Sweet Mother", Waƙar da Manyan Kamfanoni Suka Raina

Duk wanda ya zauna a Onitsha, Fatakwal, Kalaba ko Legas, na tabbata ya taɓa jin waƙar nan ta "Sweet Mother", ko a wajen biki, ko a motar haya, ko a rediyon maƙwabcinsa na kasuwa. Amma ba kowa ya san mai ita ba, balle irin wuyar da ta sha kafin ta fito.

Sunansa Prince Nico Mbarga. An haife shi a Abakaliki a shekarar 1950, mahaifiyarsa 'yar Najeriya, mahaifinsa ɗan Kamaru. Yaƙin basasar da ya ɓarke a 1967 ne ya kora shi Kamaru gudun hijira, inda ya riƙa kiɗa a otal-otal, a can kuma hannunsa ya faɗa da kaɗa jita irin ta mutanen Kwango. Bayan yaƙi ya dawo gida, ya sauka a Onitsha, ya kafa ƙungiyarsa mai suna Rocafil Jazz, suna wasa a Plaza Hotel.

A 1973 kamfanin EMI ya buga masa faifai guda, ya ɗan yi kasuwa. To amma da ya kai musu "Sweet Mother" a 1974, sai suka ce wai waƙar yara ce, ba za ta sayu ba. Kamfanin Decca ma ya ƙi ta. Waɗannan su ne manyan dilolin waƙa na lokacin, wato in sun rufe maka ƙofa, kusan ka gama. Sai wani ƙaramin kamfani na Onitsha, Rogers All Stars, ya karɓe ta, ya fitar da ita a 1976. Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A Amurka da Ingila akwai jadawalin da ake fitarwa duk mako, kamar na Billboard, mai nuna waƙar da ta fi ciniki. Wannan waƙa ba ta wannan hanya ta yi suna ba. Kasuwa ce alƙalinta. Gidajen rediyo suka riƙa sa ta, 'yan kasuwa suka riƙa lodin faifanta, ta tsallaka Kamaru da Gana, har ta kai gabashin Afirka. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ta sayar da kwafi miliyan 13. A 2004, shekara 28 bayan fitarta, masu sauraron BBC suka zaɓe ta a matsayin waƙar da aka fi so a Afirka.

Me ya ɓace wa masu EMI? A ganina sun auna waƙar da kunnen ofis ne, ba da kunnen kasuwa ba. Da Turancin buroka aka yi ta, harshen da mu da Inyamurai da Yarabawa muke ciniki da shi kullum, wanda ba na kowa ba ne kuma na kowa ne. Sannan maganarta a kan uwa ce da wahalar da take sha wajen reno, babu kuma ƙabilar da ba ta san wannan ba. Abin da suka kira yarinta, shi ne ainihin jarin.

Sai dai arzikin Nico bai kai sunansa ba. Masu satar fasaha sun ci rabonsu, kuma bai sake yin waƙar da ta kama ƙafar wannan ba. Da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu a 1983, abin ya shafi makaɗansa 'yan Kamaru. Ya mai da hankali ga otal ɗin da ya gina a Ikom, wanda ya raɗa wa sunan waƙar. Ya mutu a haɗarin babur a Kalaba a watan Yunin 1997, yana da shekara 47.

Mu 'ya'yan 'yan kasuwa akwai abin ɗauka a nan. Babban dila yana iya raina haja, amma mai saye ne ke yanke hukunci na ƙarshe, kuma da harshen da yake ji ake shawo kansa. Allah Ya saka wa iyayenmu mata da alheri, amin.