Abincin ranar ƙarshen kokowar takobi: yadda ake tsara shi tun da wuri a Damargu

Kokowar takobi ita ce babbar gasar wasa ta ƙasar Nijar. An soma ta a Tawa a shekarar 1975, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Yanzu jihohi 8 ne ke karawa, kowace da ƴan kokowa 10, kuma a ƴan shekarun nan ana yin gasar ne a ƙarshen watan Disamba, jiha bayan jiha. A Tanut da Belbeji, mafi yawan jama'a ba sa samun zuwa filin, sai dai su taru a gidan da ke da tele su kalli Télé Sahel. Ranar karon ƙarshe, gida ɗaya kan tara mutum 30 ko 40, kuma al'adar Damargu ba ta yarda baƙo ya tashi da yunwa ba.

Ciyar da irin wannan taro yana da ƙa'ida guda: abin da ya bushe a yi shi da wuri, abin da ke da ruwa a bar shi sai ranar. Wanda ya juya wannan tsari, ko dai abinci ya lalace, ko mata su wuni a madafa har a ɗaga takobi ba su ga ko faɗuwa ɗaya ba.

Dalilin ƙa'idar

Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa ne a abinci mai danshi da ɗumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko cikin sanyi ƙasa da digiri 5. Sanyin hunturu yana ruɗar mutane: dare na da sanyi, amma da rana ta take ɗaki ya kan yi ɗumin da ya isa ya ɓata miya. Firigo kuma ba kowane gida ke da shi ba, inda yake ma wuta na iya ɗaukewa. Saboda haka tsarin da ya dogara da firigo kaɗai bai da tabbas. Busarwa, da suya, da gishiri, su ne dabarun ajiya da mutanen yankin suka gada, kuma a kansu ake gina shirin.

Lissafi kafin cefane

Abu na farko shi ne ƙidaya. A lissafa waɗanda aka gayyata, a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda maƙwabta da yaran unguwa. Ga mizanin da za a iya bi in taron na mutum 40 ne: shinkafa kilo 5, nama kilo 5, hatsin fura tiya 2, ruwan sha lita 80, wato bido 4 masu lita 20. Wannan ban da ruwan girki da na wanke hannu da kwanoni. A Damargu, inda rijiyoyi ke da zurfi kuma ruwa ke wuya, tanadin ruwa yana gaba da tanadin nama. Haka ma itace, gawayi ko gaz, a tabbatar sun isa tun kafin ranar.

Mako guda kafin ranar

Ranar kasuwa ake sayen duk abin da ba ya lalacewa: hatsi, shinkafa, mai, albasa, busasshen tumatir, kuka, daddawa, sukari, ganyen shayi, dabino da cuku. A daka yaji a zuba a kwalba mai murfi. A soya gyaɗa, amma a tsince ta tukuna, a zubar da duk wadda ta yi hunhuna ko ta canja launi, domin dafin da ke cikinta suya ba ta kashe shi. Kilishi da ƙuli-ƙuli da alkaki suna jure kwanaki da yawa in an rufe su daga ƙura da danshi. Su ne abin taɓawa sa'ad da ido ke kan tele.

Kwana biyu zuwa uku kafin ranar

Lokacin aikin nama ke nan. Hanya mafi aminci ita ce ta suyar layya: a tafasa naman da gishiri da kayan ƙamshi, a soya shi har ruwansa ya ƙone sarai, a bar shi ya huce, a rufe. Dambun nama ma haka yake, in ya soyu ya bushe ƙarau. Naman da aka soya sama-sama, cikinsa da danshi, ba ya cikin wannan lissafi. A wannan lokaci ne kuma ake surfa hatsi, a wanke, a shanya, a kai niƙa. Gari sai ya sha iska kafin a rufe shi, in ba haka ba ya yi tsami.

Jajibiri

Da yamma ana iya soya tushen miya, wato albasa da tumatir da tattasai cikin mai, har ruwan ya tsotse. A tsince shinkafa, a gyara busasshen zogale, a wanke manyan tukwane da faranti. A raba aiki tun daren: wa ke kan wuta, wa ke rabon abinci, wa ke shayi, wa ke kula da yara. Zoɓo da lemun tsamiya a dafa su a jajibiri in akwai firigo. In babu, a bari sai da safe.

Ranar kanta

Da sassafe ake kirɓa fura, amma ba a dama ta da nono sai an kusa sha. Kwaɗon zogale da salati da duk abin da ake ci ɗanye, a haɗa su dab da ci, da ruwa mai tsabta. Shinkafa ita ce ta ƙarshe a hawa wuta, kuma ita ce ta fi son a kula. Akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dafuwa, in shinkafa ta daɗe a ajiye da ɗumi sai ta saki dafin da ɗumame ba ya kawarwa. Don haka ba a dafa shinkafar taro tun dare.

Manyan karawa galibi da yamma ake yin su. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ci babban abinci bayan azahar, a kwashe kwanoni, sannan a fito da kilishi, gyaɗa, dabino da shayi lokacin kokowa. A riƙa fito da abinci kaɗan-kaɗan, sauran na kan garwashi a rufe. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, tun da faranti ɗaya hannu da yawa ke shiga. Kason tsofaffi da na maƙwabta a fitar da shi tun farko.

Abin da ya rage

Abincin da ya saura a rabar da shi nan take ga almajirai da maƙwabta tun yana da kyau. Tuwo da miya in za su kwana, a sake tafasa su sosai kafin a ci. Shinkafa ko furar da aka dama da ta wuni a waje, a haƙura da ita. Yara ƙanana, mata masu ciki da tsofaffi su ne gudawa da amai suka fi kayarwa, kuma kuɗin magani ya fi kuɗin kwanon shinkafa.