Kula da kwamfutar gida a arewacin Zamfara

A Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabar kwamfuta. Takan toshe fankar ciki, na'ura ta ɗau zafi har ta kashe kanta, musamman a bazara. Maganinsa shi ne hure kafofin iska da daina ɗora ta kan katifa. Idan aka ɗauke wuta a zare caja, domin dawowar wutar ce ke ƙona ta.

Haɗarin da aka fi mantawa da shi ba na na'ura ba ne. A Satumbar 2021 hukumar NCC ta umarci a katse sadarwa a faɗin Zamfara. Wanda ya ajiye takardunsa a intanet kaɗai, sai da ya fita jihar kafin ya buɗe su. Mai kwafi a filas bai bar ɗakinsa ba.