Tarihin Binciken Iska da Ƙura a Zariya, Daga Samaru Zuwa PZ

Binciken abin da iskar Zariya ke ɗauke da shi ya samo asali ne daga aikin gona. A shekarar 1922 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sashen binciken noma na Lardunan Arewa, wanda ya yi mazauni a Samaru, domin inganta auduga da gyaɗa da dawa. Gwajin iri ba ya yiwuwa sai an san yawan ruwan da shuka ta sha, don haka aka kafa ma'aunin ruwan sama da na zafi, ma'aikaci yana zuwa kowace safiya ya duba ya rubuta a littafi. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashen ya koma ƙarƙashinta da sunan Cibiyar Binciken Aikin Gona, wato IAR. Daga irin waɗannan rubuce-rubuce ne J. M. Kowal da D. T. Knabe suka fitar da kundin taswirorin yanayin noma na jihohin Arewa a 1972.

Bayan sanin yawan ruwan, sai masana suka koma tambayar abin da ke narke a cikinsa. Manomi ya daɗe da lura cewa shuka tana yin kore shar bayan ruwan da ya zo da tsawa, kuma kimiyya ta tabbatar da cewa walƙiya tana haɗa sinadarin naitirojin da ke iska, ruwa ya sauko da shi ƙasa. Wani rahoto da ya fito a mujallar Nature a 1960 ya nuna kamar ruwan saman Arewa yana zuba wa gona naitirojin mai yawan gaske. A 1970 M. J. Jones da A. R. Bromfield, dukkansu ma'aikatan Samaru, suka sake awon, suka buga sakamakonsa a wannan mujalla, inda suka samu adadin bai kai ko kusa da na farko ba. Aikin yana bukatar tsananin kula. Ana ɗora mazurari a bakin kwalba a fili, nesa da bishiya, a kwashe ruwan da wuri kafin ya canja, domin kashin tsuntsu ɗaya ko ƙwaron da ya faɗa ciki ya isa ya ɓata lissafin duka.

Bromfield ya ci gaba da auna sinadarin farar wuta, wanda gyaɗa ke bukata sosai. A 1974 ya buga abin da ya samu daga ruwan sama da kuma daga ƙura. Abin da ruwa ke kawowa bai wuce kimanin kilo 1 a kowace hekta a shekara ba, saboda yankin yana nesa da teku kuma ba shi da manyan masana'antu a lokacin. A Turai a wannan zamani kuka ake yi da farar wutar hayaƙin kwal da ke mai da ruwan sama mai tsami, a Samaru kuwa ƙarancinta ne damuwar. Wannan ya ƙara bayyana amfanin takin sufa ga gyaɗa, tunda yana ɗauke da farar wuta tare da fosfaras.

Ƙurar hunturu ita ce babban abin da ya ja hankalin masu bincike. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana kaɗowa da hazo, har rana ta dusashe, leɓe ya tsage, kayan ɗaki su yi fari. Tun 1945 masana yanayi Hamilton da Archbold suka danganta wannan hazo da yankin Faya Largeau a ƙasar Chadi. Daga baya hotunan tauraron ɗan adam suka nuna ainihin wurin, wato kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi farar ƙasa mai laushi da ta samu daga ɓawon ƙananan halittun ruwa na zamanin da. Tazarar wurin da Zariya ta haura kilomita 1,000, amma ƙurar kan iso cikin kwana ɗaya ko biyu. Wani kasonta yana tsallake tekun Atlantika har dajin Amazon.

A ƙarshen shekarun 1970 Grant McTainsh ya tara wannan ƙura a yankin Kano, ya buga sakamakonsa a 1980, yayin da F. Beavington da P. A. Cawse suka auna ƙarafa da sauran sinadaran da ke cikin iskar Bagauda. A 1991 J. P. Moberg da I. E. Esu da W. B. Malgwi suka fitar da nasu nazarin kan ƙurar da ke sauka a Arewa, daga ɓangaren kimiyyar ƙasar noma. Hanyar tarawa mai sauƙi ce: a ajiye faffaɗan mazubi a wuri mai tudu don kada ƙurar hanya ta shiga, a tattara abin da ya sauka, a busar, a auna. An samu lallausan yashi da yumɓu, tare da kalsiyam da magnisiyam da fotasiyam. Ma'ana, hazon da ke damun ido yana sabunta ƙarfin gona, kuma saman ƙasar noma ta Kano da Zariya ita kanta akwai kason da iska ta tara cikin dubban shekaru.

Likitoci sun kalli wannan iska ta wata fuskar. Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello daga 1970 zuwa 1980, ya bi diddigin sanƙarau a Zariya da Malumfashi, har da annobar 1977. Shi da abokan aikinsa sun lura cewa ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron mutane damina da rani, amma ciwon ba ya ɓarkewa sai iska ta bushe ƙayau, ya tsananta da zafin bazara, ya lafa da saukar ruwa. Bayanin da suka bayar shi ne bushewa da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar ta samu hanyar shiga jini. Annobar 1996, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 11,000, ta bi wannan tsari na lokaci.

Kayan aiki sun ƙaru a 2004, lokacin da Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta jami'ar, CERT, ta kunna ƙaramin injin nukiliya na bincike, NIRR-1, irinsa na farko a ƙasar. Da shi ake gane sinadarai da dama a cikin ɗan ƙanƙanen samfurin ƙura ko ƙasa.

A wannan tsakani garin kansa ya zama tushen hayaƙi. Sabon Gari ya taso ne da zuwan jirgin ƙasa a wajen 1911, unguwar PZ kuma ta ci sunanta daga kantin kamfanin Paterson Zochonis. Inda a da hayaƙin kwal na jirgi ake gani, yau akwai motocin haya da 'yan acaɓa da Keke, ga janareta a ƙofar kusan kowane shago, ga gawayin masu gashi da bolar da ake ƙonawa. Mai sayar da kaya a bakin titi yana shaƙar wannan tun safe har magariba. An daina sa dalma a fetur a Najeriya a farkon shekarun 2000, an kafa hukumar NESREA a 2007, an kuma fitar da dokokin kula da ingancin iska a 2014.

Daga Disamba 2015 zuwa Nuwamba 2016 Yahaya Aliyu na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da Joel Botai, ya yi awon iska a wurare da dama cikin Zariya da na'urorin hannu, suka kwatanta da bayanan tauraron ɗan adam. Sun samu cewa ƙwayoyin ƙura da hayaƙi sun zarce iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya. Mafi haɗari su ne waɗanda ake kira PM2.5, da suka fi silin gashi sirantaka kusan sau 30, domin suna kutsawa can cikin huhu, su tsananta asma da ciwon zuciya. A 2021 hukumar ta rage iyakarsu zuwa maikirogiram 5 a kowace mita kubik ta iska a matsakaicin shekara.

Ƙurar Bodele ba wanda zai iya tsayar da ita, sai dai a yi hasashen zuwanta a gargaɗi masu asma da tsofaffi da iyayen yara. Hayaƙin titi da na janareta da na bola kuwa aikin hannun mutane ne, kuma ana iya rage shi. Rarrabe kason kowanne yana bukatar na'urorin awo na dindindin a PZ da Kwangila da kasuwar Samaru, masu aiki dare da rana, tare da sanar da jama'a sakamakon da Hausa a gidajen rediyo. Jami'ar tana da masanan da za su yi aikin, kuma nauyin samar da kuɗin yana kan gwamnatin jiha da ta tarayya.