Fada Viñes da Guguwar da Aka Ƙi Sauraron Labarinta

A tsibirin Kyuba shekara kashi biyu ce. Damina tana sauka daga watan Mayu zuwa Oktoba, rani kuma ya karɓa daga Nuwamba zuwa Afrilu. Sai dai daminar da ke raya rake da taba ita ce ke tafe da mahaukaciyar guguwar teku, wadda lokacinta ke kamawa daga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba. Da yawa daga cikin manyan guguwar nan asalinsu hadarin daminar Afirka ta Yamma ne, wanda ke keta ƙasashen Sahel ya faɗa Tekun Atilantika. Idan ya tarar da ruwa mai ɗumin da ya kai digiri 26 ko fiye, sai ya riƙa shan tururi yana juyawa har ya zama bala'i. Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Taino mazauna tsibiran sun raɗa mata suna hurakan.

Ɗaruruwan shekaru babu mai iya faɗin ranar zuwanta. A shekarar 1870 wani limamin Katolika ɗan ƙasar Sifen, Fada Benito Viñes, ya karɓi ragamar ɗakin nazarin sararin sama na Kwalejin Belén da ke Habana. Cikin kayan aikinsa akwai ma'aunin nauyin iska da ma'aunin ruwan sama, ga kuma idanunsa. Ya lura cewa kafin guguwa ta iso, wasu siraran gizagizai masu kama da gashin tsuntsu kan bazu a can ƙololuwar sama, kuma inda bakinsu ya haɗu, nan cibiyar guguwar take. Idan ta wuce, yakan bi sawunta ƙauye-ƙauye yana duba inda itatuwa suka kwanta, yana tambayar manoma da masunta abin da suka gani. A Satumbar 1875 jaridun Habana suka buga gargaɗinsa tun kafin guguwa ta afka wa tsibirin, kuma maganarsa ta tabbata. Daga nan ya kafa jerin masu lura a tsibiran Karibiyan, suna aiko masa rahoto ta wayar tangaraho. Ya rasu a 1893, ya bar magada da suka gaji iliminsa, cikinsu har da Fada Lorenzo Gangoiti.

Siyasa ce ta shiga tsakanin wannan ilimi da masu buƙatarsa. Bayan yaƙin 1898 Kyuba ta koma hannun sojojin Amurka. Hukumar yanayi ta Amurka, ƙarƙashin Willis Moore, tana kallon masanan Kyuba a matsayin masu tayar da hankalin jama'a a banza, har ta sa aka hana a aika gargaɗinsu ta wayar tangaraho. Ana cikin haka, a farkon Satumbar 1900, guguwa ta ratsa Kyuba. Jami'an Washington suka ce za ta karkata arewa maso gabas ta nufi Florida. Masanan Habana suka ce a'a, Tekun Meziko za ta shiga, ta ƙara ƙarfi, ta doshi wajen Texas. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo, amma an riga an toshe masa baki.

Ranar 8 ga Satumba guguwar ta isa Galveston, birni mai mutum kusan 37,000 da aka gina a kan tsibirin yashi. Wuri mafi tudu a garin bai kai ƙafa 9 daga saman teku ba, ga ruwan da ya taso ya haura ƙafa 15. Kafin gari ya waye, rayuka tsakanin 6,000 da 12,000 sun salwanta. Har yau Amurka ba ta ga bala'in yanayi da ya ci mata rayuka kamar wannan ba. Ba za a rantse cewa saƙon Habana zai tsirar da kowa da kowa ba, domin hanyoyin fita daga tsibirin kaɗan ne. Duk da haka, kwana ɗaya na shiri ba ƙaramin abu ba ne ga uwar da ke neman inda za ta kai 'ya'yanta.

Ita ma Kyuba ta sha nata darasin. Guguwar Flora ta 1963 ta kashe mutum fiye da 1,000 a gabashin tsibirin, abin da ya sa aka gina tsarin kare farar hula wanda ke haɗa masana yanayi da rediyo da shugabannin unguwa. Da guguwar Ivan ta zo a 2004, an kwashe mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Yau tauraron ɗan Adam yana hango hadari tun yana barin gaɓar Afirka, kuma akan fitar da hasashen damina watanni kafin saukarta. Amma tarihin Viñes da na Galveston ya nuna cewa sanin abin da ke tafe rabin aiki ne. Sauran rabin yana wuyan masu iko: su saurari mai sani ko da ba nasu ba ne, su kuma isar da maganarsa ga masunci da manomi tun sararin sama bai yi duhu ba.