Birkin salansa da zaɓen giya a motar gas mai ɗauke da lodi

In kana ɗauko rogo ko dankali daga gonakin Wagini zuwa kasuwar Batsari, ko buhunan gero daga ƙauyukan Safana, ka san inda ake jin jiki: gangaren rafi, mota cike maƙil, ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. Birkin ƙafa gogayya ce, gogayya kuwa zafi take haifarwa. In zafin ya yi yawa sai ka ji ƙauri, birki ya daina kamawa, wani lokaci ma man birkin ya tafasa, ka taka ka ji fayau.

Injin fetur yana da marfi a hanyar shigar iska. Da ka ɗaga ƙafa daga totur sai ya rufe, inji ya riƙa jan motar baya. Injin gas ba haka aka ƙera shi ba, iska na shige masa a sake, shi ya sa riƙonsa bai kai na fetur ba. Don cike wannan giɓi aka yi birkin salansa. Wani ɗan faifai ne a cikin bututun hayaƙi. In ka kunna shi sai ya toshe bututun, hayaƙi ya rasa mafita, inji ya dinga turawa da ƙyar, wannan wahalar ta bi ta giya ta rage wa tayoyin baya gudu. Motoci irin su Mitsubishi Canter da Isuzu suna zuwa da shi, makunninsa na jikin sitiyari. Yawancin ƙananan a-kori-kura ba su da shi, giya kaɗai ce gatansu.

To, ga inda direbobi ke kuskure. Birkin nan ba ya aiki sai mota na cikin giya, ƙafarka ba ta kan totur ko kuloci. Kuma ƙarfinsa yana bin saurin juyawar inji ne. A giya ta biyar inji na tafiya a hankali, riƙon kaɗan ne. Sauko ta uku ko ta biyu, za ka ji bambanci nan take. Ka sauya tun kana saman tudu, kafin mota ta ɗauki gudu, don in ta riga ta ɗauka giyar ba za ta shiga da daɗi ba, in ma ta shiga tana iya yi wa inji lahani. Giyar da za ta hau da kai tudun, ita ce ta sauka. Ka sa ido kar allurar agogon inji ta taɓa ja. In ta doshi wajen, taka birki sosai na ɗan lokaci, ka saki ya huce.

Sa mota a firi wai don tattalin mai, ganganci ne. Ka raba inji da taya, komai ya koma kan birkin ƙafa.

Da damina fa a kula. A kan taɓo ko jar ƙasa mai santsi, musamman in bayan motar ba kaya, birkin salansa na iya sa tayoyin baya su zame, motar ta juya. A irin wannan wuri kashe shi, ka sauko a ƙaramar giya. Kuma ba ya tsayar da mota cak, wannan aikin ƙafarka ne. In ka kunna ba ka ji ƙarar inji ta canza ba, wataƙila baƙin hayaƙi ya daskarar da faifan, kai wa bakanike ya duba kafin kaka ta kama.